Itatuwan Tsakar Gidana: Abin da Na Dasa da Abin da Muka Ci

Ni malamar makarantar firamare ce mai ritaya, mazauniyar wata unguwa a gefen Zariya, kuma uwar 'ya'ya shida. Gidanmu fuloti biyu ne a haɗe, ginin bai ci rabin filin ba, ragowar kuwa akwai mangwaro uku a ciki, da gwaba biyu, da lemun tsami, da lemun zaƙi, da rumman, da gwanda wadda ba ta yankewa, da ayaba a bakin makwararar ruwa, sai zogale da ya bi jikin katanga. Matan da ke shigowa sayen dashe ko roƙon ganyen gwaba suna yawan ce mini na yi sa'ar gida mai albarka, alhali ranar da muka tare babu ko tsiro ɗaya a cikinsa. Albarka daga Allah take, wannan babu ja, amma akwai aikin da ta biyo ta cikinsa, kuma shi nake so in bayyana dalla-dalla, tun daga haƙa rami har zuwa abin da ake yi da 'ya'yan idan suka nuna gaba ɗaya suka fi ƙarfin bakin mutanen gida.

A wani ƙauye na ƙasar Makarfi aka haife ni, inda rake ya fi komai suna, amma mu yara itatuwan daji muka fi sani. Kowane lokaci da abin da yake kawo mana: kanya da magarya da tsamiya da rani, ɗorawa idan bazara ta kama, tsada da ɗinya daga damina zuwa kaka. Ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin abinci na gaske ba sai lokacin farin 1984 da yunwar da ta biyo bayansa, ina ɗalibar makarantar horon malamai na dawo hutu, na tarar rumbunmu babu komai tun damina ba ta faɗi ba. Kakata ce ta riƙe gidan. Takan dama garin ɗorawa ta ba ƙananan yara da rana, ta kai daddawar kalwa da garin kuka kasuwa ta auno ɗan hatsin da za a yi tuwon dare. Ita ta nuna mini cewa dawa da gero idan ruwa ya ɗauke musu na 'yan makonni sun tafi ke nan, amma itacen da saiwarsa ta yi nisa a ƙasa yakan jure, ya kuma ba da abin da ya saba bayarwa.

Bayan aurena mun yi shekaru a gidan haya a Tudun Wada, ɗaki biyu da tsakar gida ta siminti wadda muke rabawa da wasu iyalai, inda ko lemun tsamin da zan matsa a kunu sai na aika an sayo. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ƙaramin ma'aikaci ne, da adashi da tattali muka haɗa kuɗin fili, muka tare a 1996 ginin ko filasta ba a yi masa ba. Wurin jar ƙasa ce da aka daɗe ana noma ta har ta gaji, ga marmara da zarar an ɗan yi haƙa, da azahar kuma kwanon rufi yakan ɗau zafi har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Shi maigida inuwa yake nema cikin gaggawa, sai ya ce a jera dogon yaro. Na ce masa, "Malam, ruwan da zan ja da guga in ba dogon yaro shi ne dai zan ba mangwaro, kuma mangwaro zai ba mu inuwar ya ƙara mana da abin kai wa baki." Ya ce, "Malama, kin kuwa san shekara nawa mangwaro yake yi kafin ya haihu?" Na ce na sani, yaranmu ma ƙanana ne, sai su girma tare. A ƙarshe muka daidaita a kan ya dasa dogon yaro biyu a ƙofar gida inda maza ke zama, cikin gida kuwa ya bar mini in yi yadda na ga dama.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne mai lambu a fadamar Galma, wanda jikansa yake ajina. Da ƙuruciyarsa ya yi leburanci a wurin renon itatuwa a Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, a can ya koyi aurar da itace, wato haɗa reshen irin da ake so a kan wani ƙaramin dashe su zama itace ɗaya. Ranar da ya zo ya ga filin, abin da ya fara faɗa mini shi ne, "'Yata, kada ki binne ƙwallo ki zauna jira. Ƙwallo yakan kai shekara bakwai bai haihu ba, kuma ba lallai ya haifo miki irin wanda kika sha ba. Ki nemi mai aure, shekara uku zuwa huɗu kin fara gani." Shi ya zaɓo mini Binta Siga saboda zaƙinta, da Juli domin ba ya yin tsayi sosai, ya dace da cikin gida, sannan ya ce in bar guda ɗaya ɗan gida mai zare, saboda shi ke fara nuna, kuma ƙwallonsa ne ake renawa a yi aure a kansa. Ya auna mini wuraren da ƙafarsa, ya nisanta mangwaro daga katanga da rijiya da masai, domin saiwarsa tana bin danshi kuma tana fasa gini. Ya sa aka haƙa ramuka ƙafa biyu a faɗi, ƙafa biyu a zurfi, tun cikin bazara, aka ware ƙasar sama daban, aka cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin awaki da toka, aka mayar, aka bar ruwan fari ya dake ta. Sai da ruwa ya zauna a watan Yuni muka dasa, da yamma, ya kuma gargaɗe ni kada ƙasa ta rufe gaɓar da aka yi auren, musamman a lemo, domin nan ne ruɓa ke shiga, itacen ya riƙa zubar da ƙaro har ya bushe.

Dasawa ba ita ce wahalar ba, damina tana yi wa mutum rabin aikin. Wahalar tana farawa ne daga Nuwamba idan ruwa ya ɗauke, ta tsananta a Maris da Afrilu, lokacin da rijiyarmu ke ja da baya har sai an ƙara wa guga igiya, ruwan da ke fitowa kuma rabinsa laka. Dashe a rani na farko da na biyu kamar yaron da aka yaye ne, idan aka ɗauke ido a kansa na ɗan lokaci ramar da zai yi ba ta saurin warwarewa. Ga aiki a makaranta, ga goyo, ga girki, don haka dole na nemi dabara. Na sayi ƙananan tuluna na ƙasa, na binne kowanne zuwa wuya a gefen dashe, in cika shi da ruwa in rufe bakinsa da fasasshen kasko, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali yana jiƙa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Na kafa doka a gidan cewa alwala a gindin itace ake yin ta, ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka ma can ake kai su, amma ban da ruwan omo da na bilic, waɗannan rariya suke bi. Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ɓawon gyaɗa a kewayen kowane dashe domin riƙe danshi, na bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da jikin itacen saboda gara, wadda ita ce babbar abokiyar gabar dashe a wannan ƙasa tamu. Da asuba nakan duba gindi, idan na ga ta fara ɗora ƙasarta sai in kankare in barbaɗa toka, wani lokaci in daka 'ya'yan dogon yaro in jiƙa su kwana, in tace in zuba. Awaki kuma, nawa da na maƙwabta, sai da aka kewaye kowane dashe da ƙaya da tsofaffin bulo kafin aka samu lafiya da su.

Gwanda ce ta fara faranta mana rai, domin shekara ba ta cika ba ta fara 'ya'ya. A nan na koyi cewa a cikinta akwai mace akwai namiji, namijin fure kawai yake yi a kan dogayen silla ba ya haihuwa, don haka ake shuka uku a rami ɗaya, idan suka yi fure a cire mazan a bar guda ɗaya tak domin barbara. Ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, shi ya sa nake ɗaga mata ƙasa kafin ruwan Agusta, kuma idan ta shekara uku ko huɗu ta yi tsayi 'ya'yanta sun ƙanƙance, sai a sare ta, wata na tasowa a gefe. Gwaba ta biyo baya, sannan lemun tsami, wanda tsutsar malam-buɗe-littafi ta so ta ƙarar da ganyensa yana ƙarami, na riƙa tsince ta da hannu kowace safiya. Mangwaron Juli ya yi huda tun a shekara ta biyu, amma dattijon nan ya ce in kakkaɓe hudar duka, itacen bai yi ƙarfin ɗaukar 'ya'ya ba. Na ji nauyin yin haka ƙwarai, na dai bi maganarsa, kuma a shekara ta huɗu muka sha mangwaron gidanmu, maigida da kansa ya ɗebi na farko ya kai wa mahaifiyarsa.

Aurar da mangwaro kuwa, wanda yanzu shi ne sana'ata, ba abu ne mai wuyar koyo ba, natsuwa yake so da wuƙa mai kaifi. Ana renon ƙwallon ɗan gida a leda har jikinsa ya kai kaurin fensir. Sai a je ga uwar da ake son irinta, a yanko ƙaramin reshe mai tsawon ɗan yatsa da rabi, wanda idonsa ya kumbura amma bai fashe ba, a zage ganyensa. A datse kan dashen, a tsaga shi a tsakiya da reza, a fiƙe gindin reshen ta gefe biyu, a cusa shi cikin tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, domin a nan ƙarƙashin ɓawon ne haɗuwar ke faruwa. Sai a naɗe da siririyar leda tamau, a rufa wata ledar a kai don kada ya bushe, a ajiye a inuwa. Bayan mako biyu zuwa uku, idan ya kama, za a ga jan toho ya ɓullo a saman reshen. Duk tohon da ya fito daga ƙasan gaɓar a cire shi, in ba haka ba ɗan gidan zai rinjayi amaryar ya kashe ta, mutum ya wayi gari da mangwaro mai zare bayan ya biya kuɗin mai aure.

A 2009 Allah Ya yi wa maigidana rasuwa bayan gajeriyar jinya, ya bar ni da yara, babbar tana sakandare, autan bai shiga firamare ba. Rasuwar ta zo ne ana dab da nunar mangwaro, ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba na fita. A lokacin ne 'yan sari suka aiko cewa za su sayi itatuwan a tsaye, wato su biya kuɗi ɗaya su kwashe duk abin da ke kai. Ina bukatar kuɗin, na karɓa. Daga ɗaki ina jin yadda suke dukan rassa da gora, ɗanye da nunanne duk suna zubowa, da suka tafi tsakar gidan cike da karyayyun rassa, kuɗin kuma bai kai na buhun masara ɗaya ba. Ba na zarginsu, su ma abinci suke nema, kuma a tsakiyar kakar mangwaro kasuwa cika take yi har ana zubarwa. Amma abin ya buɗe mini ido a kan cewa wanda ya dasa itace bai san yadda zai sarrafa 'ya'yansa ba, ya yi wa wani aiki ne. Daga wannan shekara na mayar da hankalina kacokan a kan abin da ake yi bayan tsinka.

Na fara da gyara tsinkar kanta. Muna amfani da maƙata wadda na ɗaura wa ɗan buhu a baki, a ciro mangwaro da ɗan sillensa idan ya ƙosa, kafaɗunsa sun cika, ba a bari ya faɗo ƙasa ya ƙuje. A kife shi a kan tabarma ƙaron ya tsiyaye, domin ƙaron nan yana ƙona fatar mangwaron yana kuma sa wa yara ƙuraje a baki. Sannan a jera a kwali a ɗaki mai iska, cikin kwanaki kaɗan ya nuna da kansa. Ban taɓa sa masa kabaid ba, wannan sinadarin na masu walda da wasu ke turara kayan marmari da shi don su yi launin nuna, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan illarsa. Wanda ya nuna da kansa ƙamshinsa ma daban ne, kuma saboda haka ne malaman makarantarmu suka riƙa yin odar kwando tun kafin lokaci.

Abin da ya fi canza mana al'amari shi ne busarwa. A rediyo na ji cewa a Burkina Faso da Mali mata suna yanka mangwaro su busar har ana fitar da shi zuwa Turai, na ce mu da muke busar da kuɓewa da tumatir da kabewa tun kaka da kakanni, me zai hana. Ana zaɓar wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, mara zare, a wanke, a fere, a yanka fale-fale, a tsoma cikin ruwan da aka matsa wa lemun tsami domin kada ya yi baƙi. Sai a jera a kan faifai ko tire, ba a ɗora wani kan wani, a rufa tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda da ƙura, a ɗora a wuri mai tsayi inda rana ke bugawa, da la'asar a shigar da shi ɗaki. A zafin Maris da farkon Afrilu kwana biyu zuwa uku sun isa, za a ji yana lanƙwasuwa ba ya karyewa kuma ba ya manne wa hannu. A zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda babu haske, yakan kai watanni, yarana sun sha tafiya da shi makarantar kwana. Amma da zarar hadari ya fara haɗowa iska ta yi danshi, busarwa a rana ta ƙare, abin da aka shanya fumfuna zai yi, don haka na farkon kaka nake busarwa, na ƙarshe kuma in markaɗa, in tace, in dafa shi da sukari da ruwan lemun tsami har ya yi kauri, ya zama abin shafa wa burodi. Wani kuma in yi lemonsa da tafasasshen ruwa da 'yar citta, in ƙulla a leda, in sa a kula da ƙanƙarar saye idan babu wuta. A shekarun 2021 zuwa 2023, da azumi ya faɗo cikin kakar mangwaro, wannan lemo kaɗai ya ɗauke mini cefanen buɗa baki, kuma daga zaure ake sayensa, ban taɓa ɗora wa 'ya'yana mata talla ba.

Lemun tsami shi ne ban san darajarsa ba sai da na lura da kasuwa. Daga damina zuwa kaka yakan yi arha har a rasa mai ɗauka, da bazara kuma, lokacin da aka fi bukatarsa, ya yi tsada. Wata gwaggona da ta dawo daga aikin Hajji ta zo mana da busasshen lemun tsami baƙi, wanda Larabawa ke sawa a shinkafa da shayi, ta nuna mini yadda ake yi: a ɗan tafasa shi cikin ruwan gishiri, a shanya shi ɗungurungum har ya yi sakayau, 'ya'yan ciki suna kaɗawa. Da iskar hunturu nake yin nawa, in fasa ɗaya a farfesu ko a shayi duk shekara. Gwaba kuwa, wadda masana abinci suka tabbatar ta fi lemun zaƙi sinadarin bitamin C, markaɗa ta nake yi in tace 'ya'yan da rariya. Ɗanyar gwanda tana shiga miya idan an goge ta, ganyenta kuma da shi nake naɗe naman Layya mai tauri na ɗan lokaci kafin a dafa, ya yi laushi. Ɓawo da sauran tarkace na awaki ne, kashinsu da busasshen ganyen da muke sharewa suna tafiya rami ɗaya a bayan ɗaki su ruɓe, su koma gindin itatuwan kafin damina, rassan da aka datse kuma su shiga murhu.

Akwai annoba guda da ba mu san ta ba a shekarun farko, wato tsutsa a cikin mangwaro da gwaba. Za ka ga ɗan itace lafiya ƙalau a waje, ka yanka ka tarar ya ruɓe. Malaman gona sun bayyana mana cewa wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa Afirka ta Yamma, macen tana huda fatar ta saka ƙwai a ciki, kuma ya fi yawa da zarar ruwa ya fara sauka. Tsutsar idan ta girma ƙasa take shiga ta rikiɗa ta fito ƙuda, shi ya sa maganin farko shi ne kada a bar ko ɗaya da ya faɗo ya kwana a ƙasa. Muna tsince su kullum, mu ɗaure a baƙar leda mu ajiye a rana zafi ya kashe tsutsar, ko mu binne da zurfi. Gwaba kuma, da yake ba ta da tsayi, nakan ɗinka 'yan jakunkuna da tsohuwar jarida in sa wa kowace tun tana ƙarama, wannan yana kare ta daga ƙudan, yana kuma rage ɓarnar jemagu. Ba na fesa maganin ƙwari a kan abin da jikokina ke tsinka su kai baki ba tare da sun tambayi kowa ba.

Duk mai mangwaro a cikin gari ya san jifa. Akwai shekarun da duwatsu suka huda mana kwano, har wani ya taɓa fasa wa ɗana goshi. Na yi faɗa, na kai ƙara wurin iyaye, abin bai ragu ba. Na tambayi wani malami game da zakkar 'ya'yan itace, ya ce a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan irin su mangwaro da gwaba, amma ya karanto mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Tun daga nan, idan kaka ta kama, kowace la'asar akan fitar da daro ɗaya ƙofar gida, almajirai da yaran unguwa su yi layi kowa ya ɗauka, da sharaɗin duk wanda aka kama yana jifa ya rasa rabonsa, su da kansu suka zama masu gadi. Reshen da ya tsallaka katanga kuma na gaya wa maƙwabciyata cewa duk abin da ke kansa nata ne, tunda ita ke share ganyensa.

Lokacin kullen korona, daga ƙarshen Maris 2020, da aka rufe makarantu da kasuwanni sai ranakun da aka ware, ga azumi ya shigo a ƙarshen Afrilu, gidaje da yawa a unguwarmu sun shiga matsi. Mu ma hatsinmu ya yi ƙasa, amma akwai zogale na kwaɗo da dambu, akwai gwanda, akwai mangwaro, kuma ta saman katanga muka riƙa musaya, in miƙa kwanon mangwaro a miƙo mini ƙuli-ƙuli ko ɗan manja. Haka aka sake yi a farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuyar samu.

Ba zan ce itatuwan nan sun mai da ni mai kuɗi ba. Albashina ne ya ɗauki nauyin karatun yara, su kuma suka toshe ƙananan ɓarakar da ke cinye albashi: kuɗin sabulu, da littattafai, da kayan miya, da abin kai wa mara lafiya idan za a je dubiya. Kuma suna da nasu nauyin, shara safe da yamma, da datse rassa bayan kowace kaka domin iska da rana su ratsa, da biyan mai hawa idan reshe ya doshi wayar lantarki. Masu cewa itace a gida yana tara sauro da macizai, abin da na gani shi ne kwantaccen ruwa ke haifar da sauro, tarin shara da duhuwar ciyawa ke ɓoye maciji, gidan da ake sharewa kuma ake gyara makwararar ruwansa ba ya fama da su. Wanda filinsa ƙarami ne kada ya tilasta wa kansa mangwaro, lemun tsami ɗaya da gwanda biyu da zogale sun isa su canza tukunyar gida.

Tun da na yi ritaya na mayar da gefen rijiya wurin renon dashe, ina aurar da mangwaro da lemo ina sayarwa, kuma ba na ba kowa dashe sai ya tabbatar mini ya haƙa rami ya tanadi abin kewayewa, domin na gaji da jin cewa akuya ta cinye. 'Ya'yana mata kowace ta tafi gidan miji da dashe cikin kayanta. Wadda ke Katsina, inda ruwa ya fi namu ƙaranci, rumman da lemun tsami na ba ta, na kuma ce mijinta ya nemo dashen dabino daga Dutse, ya haɗa mace da namiji. Wadda ke gidan haya a Kaduna a cikin rabin duro ta dasa lemun tsaminta, aka huda ƙasan duron don ruwa ya riƙa fita, in sun tashi su tafi da abinsu. A nan gida kuwa tsohuwar gwabar ta fara gajiya, gara ta ci gefen gindinta, na riga na sa an haƙa rami a gabas da ita an zuba taki, dashen da zai maye gurbinta yana cikin leda yana jiran ruwan Yuni.